Filin Faifai: Adakar Mahaifi, Dillalin Legas da Gardamar Bugun Farko

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun fi ƙarfin shafukan da aka ware wa wannan fili, saboda haka na zaɓi biyar, na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Na fara da wadda ta fi gaggawa, domin mai ita mako biyu kacal aka ba shi ya yanke shawara.

Daga wani matashi a Rafindadi, cikin birnin Katsina: Malam, mahaifinmu ya rasu bara. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi karatu a Ingila a farkon shekarun 1960. Da muka buɗe adakarsa sai muka tarar da fayafayan garmaho guda 140. Akwai manya masu tambari shuɗi da fari da aka rubuta Blue Note a kansu, akwai ƙanana masu faɗin rami a tsakiya, akwai kuma na Shata guda shida. Wani dillali daga Legas ya ce zai saye su duka a kan naira 200,000, ya ce ai tarkace ne tunda babu mai garmaho yanzu. Yayyena mata sun ce a sayar a huta. Mene ne shawararka?

Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ɗana, kada ka sayar a cikin wannan wa'adi da aka ɗibar maka, kuma ko bayan wa'adin kada ka sayar da adakar a dunƙule. Mutumin da ya taso tun daga Legas, ya biya kuɗin mota da na masauki har Katsina, bai zo kwasar tarkace ba. Ban ce mugu ne ba, sana'arsa ke nan, ya saya da araha a gidajenmu ya tura wa masu tarawa a Turai da Amurka da Japan. Sai dai wannan adaka dukiyar magada ce, da kai da yayyenka da mahaifiyarku in tana raye, kuma yadda ba za ka sayar da gonar gado ba tare da an auna ta an san farashinta ba, haka wannan ma.

Kada kuma ka ɗora buri mai yawa a kan adadin. A irin waɗannan adakoki na tsofaffin ma'aikata, mafi yawan abin da ake samu shi ne fayafayan da aka buga da miliyoyi, irin su Jim Reeves da James Brown, waɗanda kusan kowane gida mai rediyogiram ya mallaka, kuma waɗannan ba su da wani kuɗi a kasuwa komai daɗinsu. Darajar adakar tana iya tattaruwa a cikin guda biyar ko goma kawai, kuma su dillalin ya hango. Aikinka shi ne ka gano su kafin ka buɗe baki a kan farashi.

Ka fara da masu tambari shuɗi da fari. Alfred Lion, wanda ya baro Jamus zuwa Amurka, shi ya kafa kamfanin Blue Note a birnin Niyok a 1939, kuma fayafayan jaz da kamfanin ya fitar tsakanin tsakiyar shekarun 1950 da tsakiyar shekarun 1960 su ne masu tarawa suka fi kwaɗayi a duniya. Ka wanke hannunka, ka zaro faifan daga kwalinsa, ka riƙe shi ta gefe da tafukan hannu biyu ba tare da yatsa ya taɓa hanyar allura ba, ka fita ƙofar ɗaki da hantsi, ka karkata shi yadda haske zai kwanta a kansa. Abu na farko da za ka karanta shi ne adireshin da ke kan tambarin. Idan ka ga 767 Lexington Ave, tambarin na kafin ƙarshen 1957 ne. Idan ka ga 47 West 63rd, na shekarun da suka biyo baya ne har farkon shekarun 1960. Daga nan sai mai ɗauke da New York USA kawai, sannan mai ambaton Liberty, kamfanin da ya saye Blue Note a tsakiyar shekarun 1960. Amma adireshi shi kaɗai ba ya isa hujja, domin kamfanin ba ya zubar da ragowar tsofaffin tambura, yakan liƙa su a kan sabon bugu har su ƙare.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin santsin nan da ke tsakanin ƙarshen waƙa da tambari. A wurin za ka nemi haruffa uku, RVG, ko kuma cikakken suna VAN GELDER. Wannan shi ne Rudy Van Gelder, injiniyan da ya ɗauki sautin mafi yawan waɗannan fayafayai, mutumin da yake aikin gwajin ido da rana, da dare kuma ya tara makaɗa a falon gidan iyayensa a garin Hackensack, kafin ya gina ɗakin ɗaukar sauti na kansa a Englewood Cliffs a 1959. Kusa da haruffan za ka nemi wata 'yar alama mai kama da kunnen mutum, wadda ba ta kai girman ƙwayar wake ba. Masu tarawa suna kiranta kunne, amma harafin P ne na masana'antar Plastylite da ke buga wa Blue Note fayafayai har zuwa 1966. Faifan da ya haɗa adireshin da ya dace da shekarar fitowarsa, da sunan injiniyan, da kunnen, ka ware shi gefe guda. Idan kuma Allah ya sa ka ga lamba 1568 a kan faifan Hank Mobley na 1957, ko lamba 4041 a kan na Tina Brooks na 1960, to ka kulle shi a inda kake ajiye takardun gida, domin bugun farko na waɗannan biyun, in yana da lafiya, dubban daloli ake sayensa.

Na ce in yana da lafiya, domin a nan ne yawancin mafarki yake rushewa. Masu wannan kasuwa suna da ma'auni na haruffa, daga NM, wato wanda ya kusa zama sabo fil, zuwa VG+ da VG, har zuwa G, wanda ya sha wuya. Tsakanin mataki da mataki farashi yana iya faɗuwa da rabi. Karcen da ido kawai yake gani ba shi da illa sosai, amma wanda farce yake jin sa idan ka shafa a hankali, allura ma za ta ji shi. Kwali ma yana da nasa kason, kuma wanda gara ta ci ko ruwa ya taɓa yana rage kuɗin ƙwarai.

Ƙananan masu faɗin rami kuwa, masu gudu 45 ne, wato masu juyawa sau 45 a minti, bugun Amurka, kuma a cikinsu ƙa'idar ta juya: wanda ka san sunan mawaƙinsa shi ne mai araha, wanda ba ka taɓa jin mawaƙin ko kamfanin ba shi ne abin bincike. Ka sami littafi ka rubuta kowane faifai, da sunan mai shi, da kamfani, da lambarsa, da abin da ka gani a santsin, ka kuma ɗauki hoton tambarin da waya. Sannan ka shiga Discogs, shafin intanet na masu saye da sayar da fayafayai, wanda aka kafa a 2000, ka nemi bugun da ya yi daidai da naka, ka duba tarihin kuɗin da aka riga aka sayar da shi. Kada ka dubi kuɗin da masu sayarwa suke nema, domin kowa yana iya yi wa akuyarsa kuɗin raƙumi. Aikin zai ci maka maraice huɗu ko biyar. Bayan haka ka tara magada ka nuna musu littafin.

Guda shida na Shata kuma, roƙona gare ku shi ne kada su bar gidan. Faifan Blue Note idan ya tafi Japan, kamfanin yana nan, yana sake buga shi, jikanka zai iya sayen sabo. Fayafayan da EMI ta buga wa Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda ya rasu a 1999, ba ka shiga kanti yau ka sayi sabonsu, kuma duk wanda ya tsallaka teku da wuya ya dawo. In ya zama dole a raba, wani daga cikinku ya ɗauke su a kasonsa.

Daga wani makanike a Ƙofar Ƙaura: Ƙanena ya aiko mini da na'urar juya faifai daga Amurka. Na haɗa ta da taransifoma mai rage wuta, tana juyawa lafiya, amma muryar Aretha Franklin ta koma kamar ta namiji mai mura. Na'urar ce ta lalace a hanya?

Malam, na'urarka lafiya lau take. Taransifomar ta gyara maka ƙarfin wutar, ta rage 230 namu zuwa kusan 120 na Amurka, amma ba ta taɓa yawan kaɗawar wutar ba. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma motar irin wannan na'ura da wannan kaɗawa take ƙidaya gudunta. Saboda haka faifan da ya kamata ya juya sau 45 a minti yana juyawa sau 37 da rabi, mai 33 da sulusi kuma bai kai 28 ba. Maganin shi ne a canza ɗan ƙarfen da ke kan motar, wanda bel yake zagayewa, a sa wanda aka yi domin wuta mai 50, kuma kai da kake makanike ba sai an koya maka sa shi ba. Wanda bai riga ya saya ba, ya nemi irin wadda ba ta dogara da kaɗawar wuta, kamar Technics SL-1200 ta biyu da aka fara yi a 1979. Wannan nau'i ne ma ya fi dacewa da mai amfani da janareta, domin gudun janareta hawa da sauka yake yi, kuma kunne yana kama hakan nan da nan a sautin fiyano.

Daga wani tsohon ma'aikacin gidan rediyo a Daura: Muna da majalisa ta mutum biyar da muke zama bayan la'asar ranar Asabar muna sauraren fayafayai. Gardama biyu sun hana mu sakat. Ɗayanmu ya rantse cewa duk faifan da ba bugun farko ba jabu ne, ba ya ma yarda a ɗora shi. Wani kuma ya ce duk faifan da ya yi wuyar samu, to ya fi wanda ya yi kasuwa kyau, domin jama'a ba su san abu mai kyau ba. Malam, ka raba mu.

Yaya, Allah ya ja zamanin wannan majalisa, kuma ina fata gardamar ba za ta mutu ba ko bayan amsata, domin ita ce gishirin zaman. Na farkon yana da gaskiya a wani ɓangare. Sauti yakan fara ne a kan tef, daga tef a yanka shi a kan faifai mai taushi, daga nan a yi hatimin ƙarfe da ake danna robar da shi. Bugun farko an yanka shi ne lokacin da tef ɗin yake sabo, sau da yawa da hannun injiniyan da ya ji makaɗan da kunnensa a ɗakin, kuma tef yana tsufa kamar kowane abu. Wani lokaci ma tef ɗin babu shi, domin gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a Kalifoniya a 2008 ta cinye tef na asali masu yawan gaske. Har nan ina tare da shi.

Inda na rabu da shi shi ne kalmar jabu. Jabu shi ne wanda aka buga a ɓoye ba da izinin masu haƙƙi ba, aka kwaikwayi tambari domin a yaudari mai saye. Faifan da kamfani ya sake bugawa da sunansa halal ne, kuma wasu daga cikinsu sun kai na farkon ko sun fi shi tsabtar sauti. Fayafayan Blue Note da kamfanonin King da Toshiba suka sake bugawa a Japan a shekarun 1970 da 1980 an yi su da roba mai kyau wadda ba ta da hayaniya, kuma jerin Tone Poet da Blue Note ta fara fitarwa a 2019 daga tef na asali ake yanka shi. A ɗaya gefen, bugun farkon da ya shekara talatin ana taka shi da dakusasshiyar allura, wadda aka ɗaura wa kwabo a ka domin kada ta yi tsalle, ya riga ya rasa saman sautinsa har abada, kuma abin da ya rage ƙara ce kamar ana toya ƙosai a bayan makaɗan. Na taɓa gwada wannan a gidana da wasu abokai uku da suke da ra'ayin mutuminku. Na sa suka juya baya, na ɗora bugun farko mai matsakaiciyar lafiya, sannan na ɗora bugun Japan na faifan guda, ban gaya musu wanne ne wanne ba. Biyu daga cikinsu suka zaɓi na Japan, ɗaya har yana cewa ka ji yadda ganga take numfashi a na asali. Ku yi irin wannan gwaji ranar Asabar mai zuwa, da sharaɗin kowa ya faɗi zaɓinsa kafin a juyo.

Gardama ta biyu ta fi ba ni sha'awa, kuma a nan ba na goyon bayan abokinku. Faifai yana yin wuyar samu ne saboda dalilai da yawa waɗanda ba su da alaƙa da kyansa: ƙaramin kamfani ya talauce, ko mai rarrabawa ya ƙi ɗauka, ko gidajen rediyo sun ƙi sa shi, ko kuma, mu faɗi gaskiya, waƙar ce ba ta da daɗi. Labarin da aka fi bayarwa a wannan fage shi ne na Frank Wilson, wanda ya yi wata waƙa a ƙarƙashin kamfanin Motown a 1965, aka buga 'yan kwafi na gwaji, sai mai kamfanin, Berry Gordy, ya fi son ya tsaya a aikin shirya wa wasu waƙa, aka lalata kusan duka. An daɗe ba a san da wanzuwar fiye da ƙwaya biyu ba, kuma a 2009 aka sayar da ɗaya a kan fam 25,742. Waƙar tana da daɗi, amma babu mai kunnen da zai ce ta ninka waƙoƙin Marvin Gaye, da ake samu da kuɗin cefane, sau dubu. Abin da aka biya kuɗin tarihi ne da ƙarancin ƙwaya.

Wannan ɗabi'a ta farautar abin da ba a sani ba ta samo ƙarfi ne a arewacin Ingila, inda matasa 'yan ƙwadago suke kwana suna rawa a wurare irin su Twisted Wheel a Mancesta da Wigan Casino, wanda ya yi tashe daga 1973 zuwa 1981. Su waƙoƙin sol, wani salon kiɗan baƙaƙen Amurka, masu sauri na shekarun 1960 suke so, waɗanda suka faɗi a kasuwar Amurka, har masu sa faifan sukan rufe tambarin da takarda su rubuta sunan ƙarya domin kada abokan gasa su gano. Ta haka aka ceto waƙoƙi masu kyau da yawa daga mantuwa, wannan ba a musu, amma an kuma ɗaukaka wasu da ba su cancanta ba don kawai mutum ɗaya ne yake da su. A fagen jaz, inda ƙarancin ya fi haɗuwa da inganci shi ne kamfanonin da makaɗa baƙar fata suka kafa da kansu domin su riƙe haƙƙinsu, irin su Strata-East na Charles Tolliver da Stanley Cowell a 1971, da Tribe a Detroit, da Saturn na Sun Ra, wanda wasu kwalayensa da hannu aka zana su ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan rashin jari ne ya hana su yaɗuwa. Idan abokinku irin waɗannan yake nufi, to mun daidaita. Idan kuwa yana raina Otis Redding don kowa ya san shi, ku ɗora masa ɗaya daga fayafayansa na kamfanin Stax, waɗanda aka ɗauka a tsohon gidan sinima a Memphis kafin hatsarin jirgin da ya kashe shi a Disamban 1967 yana ɗan shekara 26, ku kalli ƙafarsa ku gani ko za ta zauna wuri ɗaya.

Daga wata ɗaliba a jami'a, mazauniyar Ƙofar Marusa: Baba, a cikin fayafayan kakana na ga sunaye irin su Ahmad Jamal da Yusef Lateef da Idris Muhammad. Musulmi ne, ko suna ne kawai na sana'a? Kuma kakana yakan ce ɗaya daga cikinsu ya zauna a Zariya. Gaskiya ne?

'Yata, kakanki ya faɗi gaskiya. Daga ƙarshen shekarun 1940 makaɗan jaz baƙar fata da dama suka karɓi Musulunci, da yawansu ta hannun 'yan Ahmadiyya da suke wa'azi a biranen Amurka a wancan lokaci, a zamanin da doka take ware baƙi daga farare a otal da mota da makaranta. Ahmad Jamal, makaɗin fiyano ɗan Pittsburgh, ya canza sunansa a 1950, ya rasu a 2023. Art Blakey, wanda gangarsa take cikin fayafayan Blue Note masu yawa, ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, ko da yake da tsohon sunansa aka ci gaba da buga fayafayansa.

Wanda ya zauna a Zariya shi ne Yusef Lateef, wanda aka haifa a 1920, ya tashi a Detroit, ya rasu a 2013. Daga 1981 zuwa 1985 ya yi aiki a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya duƙufa a kan sarewar Fulani, ya zauna da masu busa ta ya koya daga gare su. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausa, wanda ya fito a 1987. A 1983 ya ɗauki faifai a Legas tare da makaɗan gargajiya na ƙasar nan, kuma a wannan shekara cibiyar ta fitar masa da wani mai suna Hikima, wanda ya yi ƙaranci har masu tarawa a Turai suka yi ta nemansa kafin a sake buga shi. Wannan faifai ne da ya fi yiwuwa a tsince shi a kabad ɗin wani tsohon malamin jami'a a Samaru ko Funtuwa ko nan Katsina fiye da kantin Landan, don haka ki sake duba kayan kakanki da kyau. Ki kuma sani cewa shi Lateef bai yarda a kira kiɗansa jaz ba, yana ganin kalmar tana ɗauke da raini.

Dangantakarmu da waɗannan mutane ta girmi zuwan Lateef. Louis Armstrong ya zo Nijeriya a 1960, akwai ma hotonsa tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. James Brown ya yi wasa a Legas a 1970, Stevie Wonder da Sun Ra kuma sun halarci bikin FESTAC a 1977. Tsararrakin kakanki da yawa sun fara jin wannan kiɗa ne da dare a gajeren zango, a shirin Willis Conover na Muryar Amurka, wanda ya soma a 1955. Idan kakanki yana raye, ki zauna da shi da waya a hannu ki naɗi labarin inda ya sayi kowane faifai, sannan ki rubuta a 'yar takarda ki saka a cikin kwalin.

Daga wata Hajiya a Daura: Maigidana yana ajiye fayafayansa a jibge a kan kabad kusa da rufin kwano. Wasu sun lanƙwashe. Yana kuma goge su da sifirit. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Hajiya, hankalinki ya gaya miki gaskiya, kuma ki karanta wa Alhaji wannan amsa cikin lalama. Robar faifai ba ta jure zafi, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ƙasarmu yake haura digiri 40 a inuwa, abin da ke ƙarƙashin kwano ya wuce haka nesa. Ni kaina na taɓa ɗauko faifai daga Kano a bazara, na ajiye shi a bayan kujerar mota inda rana take dukan gilashi, kafin mu iso Katsina ya yi baki kamar kasko, kuma ban sake samun irinsa ba har yau. A sauko da su zuwa ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa in akwai, a jera su a tsaye kamar littattafai, ba a matse ba kuma ba a jingine ba. A ɗaga su daga ƙasa, a kuma janye su daga jikin bango saboda gara da laimar damina. Wanda ya ɗan lanƙwashe kaɗan, a sa shi tsakanin gilasai biyu masu kauri a ɗora littattafai, a bar shi a inuwa na wasu makonni. Kada a shanya shi a rana, kada a kusanto da dutsen guga.

Batun sifirit ya danganta da irin faifan. Tsofaffin nan masu nauyi, masu gudu 78, waɗanda suke fashewa kamar tangaran idan sun faɗi, da wani irin ƙaro aka yi su, kuma sifirit narkar da shi yake yi, shafa ɗaya ta isa ta ɓata waƙar. Na roba, wato masu 33 da Columbia ta fito da su a 1948 da masu 45 da RCA ta biyo da su a 1949, sun fi juriya, amma su ma ba sa bukatarsa. A nemi tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ko na sola, wanda babu asid a cikinsa, a ɗiga masa sabulun wanke kwano ɗigo ɗaya a kofi, a shafa da lallausan ƙyalle ana bin zagayen hanyar allura, a ɗauraye da tataccen ruwan, a kiyaye kada tambarin ya jiƙe, a jingine shi ya bushe a inda babu iska mai ƙura. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri a cikin hanyar. Da hunturu, lokacin da ƙura take shiga ko ta ina kuma busasshiyar iska take sa roba ta riƙa jan ta, a share faifan da burushi mai laushi kafin kowane sauraro, a mayar da shi rigarsa ta ciki da zarar ya ƙare.

Idan akwai tsohon garmaho irin wanda ake murɗawa da hannu a gidan, kada a kuskura a ɗora faifan roba a kansa, domin allurarsa ta ƙarfe da nauyin kansa za su huɗe hanyar a juyi ɗaya. Shi na masu 78 ne kaɗai, kuma ko a kansu ana canza allurar ƙarfen bayan kowane gefe.